Inna Mai Sikeli da Hannun Rigar Soja

Kafin a buɗe ɗakin awon jarirai, Inna Mai Sikeli ta riga ta goge sikelinta, ta shimfiɗa masa zane mai laushi don kada sanyin ƙarfe ya taɓa bayan yaro. Sai ta murza tafukanta su yi ɗumi. Dokarta ɗaya ce: uwa ba ta cire wa jariri riga a gabanta, Inna ce ke cirewa da hannunta. Shi ya sa layinta ba ya sauri. Mata a kan benci su yi ta mita: "Inna, awo muka zo ko wanka?" Ita kuwa ta ce, "Mai sauri ta kai shi sikelin mahauci."

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuma na ƙudurta ba za ta tafi shiru ba.

Ɗanmu ya zo bayan doguwar naƙuda, bai yi kuka ba sai da aka sha fama. Da muka dawo gida muka ce wahala ta wuce. Yaro ne mai tauri: hannu kullum a dunƙule, in ka ɗaga shi ya miƙe ƙafafu ƙyam kamar zai tsaya. Kakarsa ta sa masa suna Soja, duk gidan muna alfahari da ƙarfinsa.

Ranar da na raka uwarsa awo, Inna ta zo zare hannun rigarsa, hannun ya ƙi lanƙwasuwa. Ta dakata. Ta ɗaga shi, ƙafafun suka harɗe kamar almakashi, kan ya langaɓe baya.

"Baban Soja, ya yi kuka da aka haife shi?"

"Ya ɗan jima. Amma Inna, dubi ƙarfinsa!"

"Ɗana, mai ƙarfi yana kamawa ya saki. Wannan ba ya iya saki. Yana yawan ƙwarewa da nono?"

Uwarsa ta gyaɗa kai, idonta ya kawo ruwa.

"Ni ba likita ba ce, ba zan sa wa abin suna ba. Amma yau za ku ga likitan yara, ba gobe ba."

Ta bar sikeli ta raka mu har ƙofar likitan. Bayan gwaje-gwaje likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni lokacin haihuwa, shi ke ɗaure masa gaɓɓai. Ba ya warkewa, amma in an fara motsa gaɓɓan da wuri, yaro na iya koyon zama da riƙe abu, wani ma har tafiya. In an bari, jijiyoyin su ƙage.

Inna, ke ce kika tarar da ni a bakin famfon asibiti ina kuka. Kika tambayi sana'ata, na ce kafinta. Kika ce, "To kuka na mene ne? Je ka wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki su nuna maka irin kujerar da yake buƙata, ka ƙera." Na ƙera. Ke ce kike tsare uwarsa duk ranar awo: "Kun je motsa jiki, ko in zo gidan da kaina?"

Ba mu kaɗai ba ne. Matar wani tela ta gaya mini 'yarsu tun tana jaririya hannun hagu kawai take miƙawa, suna ta cewa bahaguwa ce. A wurin cire riga Inna ta ji na daman a sandare. Yau yarinyar tana makaranta.

Soja bai fara tafiya ba, kuma ba zan ɓoye ba, har yanzu gabana yana faɗuwa. Amma yana zama da kansa, yana kama benci ya miƙe, kuma ba mu da niyyar tsayawa. Makon jiya muka kai shi ya gaishe ta. Ta kai hannu ga rigarsa yadda ta saba, sai ya ja hannunsa a hankali ya zare da kansa. Ta yi dariya tana share ido: "Soja, kai ma korata kake daga aiki?"

Mun gode, uwar 'ya'yan mutane. Allah ya hutar da hannuwan nan. Ku da za ku gaji sikelinta, kada ku tsaya ga karanta nauyi, ku taɓa yaron. Iyaye kuma, in haihuwa ta zo da wahala, kuka ga jariri ya cika tauri ko laushi, ko wuyansa ya ƙi tsayawa, ku kai shi a duba a ranar. Ko layi ya yi tsawo, ku zauna. Ni a wannan layin aka ceto hannun ɗana.