Mazaɓar da Ta Haye Gada

Duk wanda ya san makarantar kuɗin nan ta bayan kasuwar Nasarawa Gwom ya san Malama Fiddausi mai koyar da kwamfuta. Ba ta da hayaniya, amma fa in ta kafe a kan abu sai dai a ƙyale ta. Abin da ta kafe a kansa kuwa ƙuri'ar mahaifinta ce.

Mahaifin nata, Malam Hammawa, tsohon dillalin shanu ne, ciwon ƙafa ya ci ƙarfinsa. Unguwarsu ta cika ta batse tun bayan rikici, da kowa ya tattara ya koma cikin nasa, amma mazaɓa tana nan yadda aka yanka ta tun Fiddausi ba ta zo duniya ba. Layin zaɓe ya fi na famfo a rani. Duk zaɓe tsohon zai yi wanka, ya sa farar rigarsa, ya tsaya har ƙafa ta kumbura, ya dawo ba tawada a yatsa. Abin nan yana ci mata rai ƙwarai.

Da aka ce wani kwamiti yana karɓar shawara kan sake yanka mazaɓu, sai ta duƙufa ta rubuta manhaja. Ta zuba mata yawan jama'a da tituna da nisan tafiya a ƙafa, ta ce mata ta raba mutane daidai, ta ajiye rumfar zaɓe inda ya fi kusa da kowa. Addini da ƙabila kam da gangan ta ƙi sakawa, wai su suka kai garin inda yake. Natana'el, malamin labarin ƙasa, shi ya taya ta da taswira, yana yi yana girgiza kai.

To, kwamfuta ina ruwanta! Ta ɗebi rabin unguwarsu ta haɗa da ta su Natana'el da ke tsallaken rafi, ta dasa rumfa a firamaren bakin gada, gadar da tun bayan rikicin ko mai keke napep ba ya hayewa da fasinja. Lissafi ya fita tsaf. Tsohonta ma ba zai yi doguwar tafiya ba, layi kuma gajere.

Ranar da ta nuna taswirar a zaman kwamitin, zauren ya yamutse. Nata mutanen suka ce an saye ta don a narkar da ƙuri'unsu, na tsallake suka ce turo ta aka yi a mamaye su. Shekara da shekaru ɓangarorin nan ba su haɗa baki a kan komai ba sai ranar. Kwamiti ya gode mata, ya bar komai yadda yake.

Ta koma gida ranta a ɓace, tana sa ran ko tsohon zai lallashe ta. Ya daɗe yana duban taswirar, sannan ya ɗora yatsa a kan firamaren.

"Fiddausi, kin gaya wa na'urar taki inda aka tsinci gawar yayanki?"

Ba ta gaya mata ba. A gindin katangar firamaren ne, lokacin rikicin, kuma ta sani sarai. Ya ce da ya taka wurin nan, gara ya mutu bai dangwala ba.

Har yau tana koyarwa, manhajar tana cikin kwamfuta ba ta ƙara buɗewa ba. Da zaɓe ya zagayo ta goge masa farar rigar ta kai masa ɗaki. Ya ce ta mayar akwati, ya gaji.