Hannun da Bai Iya Kaɗan Ba

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Ilu makwancinsa a nan Jidda. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Shi ya riga ni zuwa ƙasar nan, shi ya karɓe ni, kuma a shagonsa na kayan yaji da ke unguwar Sa'alaba na koyi ciniki kafin na buɗe nawa. Ba zan ce mai haƙuri ne ba, don waɗanda suka san shi za su yi mini dariya. Mai gardama ne, mai son hira. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da shi shi ne hannunsa, wanda bai iya kaɗan ba, kuma saura ƙiris wannan hannu ya kai shi kan injin wankin ƙoda.

Kowane ɗan kasuwa a wajenmu ya san gyara: ka auna wa mutum abin da ya saya, sannan ka ɗan ƙara masa a kai. Na Yaya ya wuce misali. Sikeli zai tsaya daidai, sai ka ga yatsunsa sun koma buhu su kaɗai, sun ɗebo citta ko kanumfari sun zuba. Na sha gaya masa cewa ribarmu ce take fita ta tsakanin yatsun nan. Har gobe ina kan bakana, don a lissafin kasuwa ni ke da gaskiya. Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Sule, kai ka riƙe sikeli, ni in riƙe mutane."

Abin dariyar shi ne, mutumin nan ba abin da yake so kamar ya ji yadda kowace ƙabila ke cewa kaɗan. Jidda kuwa ba harshen da ba ya ratsa ta. Ya san shwayya da habba na Larabawan garin, ya san thora na 'yan Pakistan da sedikit na alhazan Indonesiya. In sun ba shi nasu, sai ya biya su da namu: ƙiris, ɗis, kurɓi, gutsure, cikin tafi. Yakan ce wanda ya zo sayen buhu kowa na fahimtarsa, amma mai son ɗan kaɗan shi ke buƙatar a ji harshensa.

Haka ya haɗu da Sista Hana, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti da ke arewacin gari, mutuniyar ƙasar Cek can tsakiyar Turai. Ranar hutunta takan zo da abokan aikinta sayen kirfa da hel, ɗan ƙamshin nan da Larabawa ke sa wa gahawa. Larabcinta na asibiti ne, Turancin Yaya kuma na tashar jirgin ruwa ne, inda ya yi dako yana saurayi, amma sun ishe su. Sai ta faɗi kalma da Turanci, shi kuma ya tambaye ta: "A garinku fa?" Abin da Bature ke ce wa pinch, wato ɗan abin da yatsu ke ɗauka, ta ce su shpetka suke cewa. Ɗigon ruwan wardi kapka ne. Cikin tafi wata kalma ce da ba ta da wajen numfashi, Yaya ya yi ta fama har ya haƙura da hirist. Ranar da ta gaya masa cewa suna da awon da ya fi shpetka ƙanƙanta, wai abin da tsinin wuƙa zai ɗauka, sai da ya riƙe ciki don dariya. Ya nuna ni ya ce, "Masu awo da tsinin wuƙa! Sule, ashe kana da dangi a Turai."

Abu ɗaya ya hana su shiri. Sista ba ta karɓar gyara. Idonta na kan sikeli, da ya ƙara sai ta ce ya kwashe. Ya ce hadiyya ce, ta ce a'a Hajji, shukran. A wajensu abin da ka saya shi kake ɗauka, kuma aikin jinya ya koya mata ƙin kyauta. Shi kuwa a wajensa mayar da gyara kamar ka yi wa mutum sallama ne ya kau da kai. Duk sanda ta fita sai ya yi ta mita: "Matar nan ta raina hannuna."

Ita ce ta fara lura da kumburin ƙafarsa. Zuwanta na gaba ta taho da abin awon jini, ta ɗaura masa a hannu a tsakiyar buhuna, fuskarta ta canza. Da ƙyar muka tura shi wajen likita. Aka ce hawan jini ne, ya fara taɓa ƙoda, kuma in bai rabu da gishiri ba injin wanki na jiransa.

Matarsa Hajiya Balaraba ta yi iya nata, ta rage gishiri a tukunya. Yaya zai ɗanɗana, ya ce madalla, yana cikin hira hannun nan ya tafi robar gishiri ya yi wa kwanonsa gyara. Ba taurin kai ba ne kawai, hannun ya saba ne. 'Yarsa Asiya, haihuwar nan Jidda, ta yi masa kuka da Larabci, ni na yi masa faɗa da Hausa, duk a banza.

Sai na tuna sana'ata. Mutumin da ba ya jin nasiha yana jin ciniki, kuma ga mutum biyu kowa na riƙe da abin da ɗaya ke so. Da Sista ta zo na ce su zauna, ni ne dillali. Ita za ta riƙa karɓar gyara, shi kuma zai janye hannunsa daga gishiri. Ta ɗebi gishiri da yatsu ta nuna masa.

"Shpetka, Hajji. Na yini guda."

"Shpetka biyu," in ji Yaya.

"Wahda," in ji ta, wato ɗaya.

"To a ɗora mini na tsinin wuƙa a kai. Ko a Makka ana gyara."

"La. Halas." Wato a'a, magana ta ƙare.

Ya dube ni. "Kai dillalin wa ne, nawa ko nata?"

Na ce, "Yaya, na mai gaskiya."

Sai ya ƙulle hel a 'yar takarda ya miƙa mata. Na ga hannunta ya tsaya a hanya, don ita ma abin bai zo mata da sauƙi ba. Daga baya ta karɓa ta jefa a jaka. Yaya ya ce, "Na sallama."

A kasuwarmu in mutum ya ce ya sallama, magana ta ƙare, kuma ban taɓa ganin Yaya ya janye ciniki ba. Bai janye wannan ba. Ya ci abinci lami har ƙarshen ransa, yana ƙorafi kullum, yana gaya wa duk baƙon da ya zo cewa ƙanensa da wata Baturiya sun haɗa baki sun cuce shi. Ba na cewa gishiri ke ƙara kwana ko rage shi, kwana na Allah ne. Amma bai taɓa hawa injin nan ba. Ya aurar da Asiya da kansa, ya yi wa ɗanta na fari huɗuba, kuma da ajali ya zo ta wata ƙofa ya shigo. Sista ta koma ƙasarsu kafin rasuwarsa. Abokan aikinta sun ce sai da ta rarraba musu kwalaben hel da kanumfari, don jakarta ta kasa ɗauka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga kasuwar yau. Asiya da mijinta sun mayar da sana'ar can unguwar Mahjar. Komai a leda yake, a liƙe, da nauyinsa a rubuce, mai saye ya taɓa waya a kai masa har ƙofa. Riba ta fi tsabta, ni ne na farko da zan faɗa. Amma na san Yaya da wuƙa zai bi ledojin nan yana farkewa don ya sami inda zai sa yatsa. Kuma wayar da ke fassara kowane harshe da ta ɓata masa rai, don ta kashe tambayar da ya fi so a duniya. Yanzu ba mai ce wa baƙo, "A garinku fa?"

Shagon Sa'alaba babu shi. Kalmomin da ya tara sun bi shi, in ban da 'yan waɗanda suka maƙale a bakina. Gyara ma tana ja da baya. Abin da ya rage mini daga gare shi ban gane shi ba sai bana, da likita ya ɗaura mini abin awon nan ya faɗa mini irin maganar da aka faɗa masa. Na dawo gida ina neman hanyar da zan yi wa dokar kwana, don na iya. Sai na tuna na ga mutumin da ya fi ni gardama, ya fi ni son daɗin baki, ya riƙe hannunsa shekara da shekaru saboda kalma ɗaya da ya furta a gaban shaida. Ni na ƙulla cinikin, kuma kunya ba za ta bar dillali ya kasa abin da ya sa wani ya yi ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Ilu, Ya auna masa rahama da hannu irin nasa.