Tayar da Ba Ta Ci Ƙasa Ba

Kawuna tsohon ma'aikacin masaƙa ne, gajere, mai son a saurare shi. Da ya yi ritaya ya dawo unguwarmu, daga bayan babbar mota aka sauke kayansa, har da wani ƙaton baƙin babur mai faɗin sirdi, irin na doguwar tafiya. Kullum da safe sai ya turo shi ƙofar gida, ya goge shi da tsohuwar singileti, ya tayar da shi ya yi ɗumi, ya mayar. In aka ce ya hau, sai ya taɓe baki.

"Wannan ba na zuwa cefane ba ne. Ku tambayi manyan tituna."

Daga nan sai labari: yadda ya tsere wa motar haya, yadda ya keta ruwan sama bai jiƙe ba. Ni kaina na sha yi wa abokaina tallar labaran nan, har da ƙarin gishiri.

Da ɗansa ya matsa masa ya koma wurinsa, gidan bene ne babu wurin ajiya, dole aka sa babur a kasuwa. Wani makanike ya zo gani, maƙwabta suka taru. Ya duba mai, ya leƙa ƙarƙashi, ya tsaya a kan mita, sai ya haɗa rai.

"Baba, da girmanka? An juya mitar nan baya. Babur mai shekaru haka a ce bai yi tafiyar kirki ba?"

Kawu bai taɓa cin ƙwandalar wani ba, duk unguwa ta shaida. Ga shi ana kiransa macuci a ƙofar gidansa, kuma hanyar wanke kansa ɗaya ce. Na ga gumi yana bin wuyansa.

"Ɗana, shafa tayar," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Makanike ya tsuguna ya shafa. 'Yan gashin robar nan na sabuwar taya suna nan cif.

Kawu ya ce, "Ranar da na saye shi na hau, ƙafata ba ta kai ƙasa ba, ya kayar da ni a gaban mata 'yan wurin aikinmu. Tun daga ranar ban sake ba."

Da ma dariya aka yi, da ta fi sauƙi. Mai shago ya hau gyaran hularsa, tela ya tuna ya bar dutsen guga a wuta. Ni kuwa kunya ta rufe ni, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Makanike ya ba shi haƙuri, suka daidaita ba ja-in-ja. Ya hau, ya murɗa, ya miƙe titi. Kawu ya tsaya ya karkata kunne har ƙarar ta ɓace, sannan ya ce da ni, ba tare da ya dube ni ba:

"Ashe haka kukansa yake in yana tafiya."