Ranar da Kawu Ya Huda Jirginmu

Ko ƙwaƙwalwata ta zube da tsufa, ba zan manta ranar da kawuna ya huda mana jirgi a tsakiyar ruwan madatsar Goronyo ba.

Jirgin katako ne na haɗin gwiwa, ni da shi, muna tsallaka da mutane da albasa. Katakansa sun fara sakin jiki, ga bakin ruwa babu lantarki, sai muka yanke shawarar sayen injin huda mai batir. A shago a Wurno aka ajiye mana biyu. Na ɗauki ƙarami mara nauyi, wanda ake rage wa gudu. Kawu ya harare shi.

"Mi a wanga? Na aski na?"

Ya sungumi wani jan ƙato, ya danna, abin ya yi ruri har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Fuskarsa ta washe kamar an ba shi sarauta. "Wanga shi a inji!"

Na ce, "Kawu, katakonmu ya tsufa, wanga ya hi ƙarhinai."

Ya ce tun ban iya tsarki ba yake gyaran jirgi. Muka biya kuɗin jan ƙaton muka tafi.

Kashegari muka ɗauko buhunan albasa da wata malamar asibiti, Kirista 'yar Zuru. Muna tsakiyar ruwa Kawu ya hango wani katako yana motsi a ƙasan jirgi. Haƙurin isa gaɓa ya gagare shi, sabon abu yana masa ƙaiƙayi a hannu. Ya kafa injin a kan katakon don ya ɗaure shi, ya danna da ƙarfinsa duka. Injin ya wuce katako kamar a tuwo, ruwa ya yi tsiri har gemunsa.

"Kawu, mi kay yi?"

"Tuƙa, ɗan banza, tuƙa!"

Sai ya tattara riga ya zauna daram a kan ramin. Malama tana kiran Yesu tana kwarfar ruwa da kwanon abincinta, ni ina salati ina tuƙi, shi kuwa yana zaune ƙiƙam, sanyi na ratsa shi ta ƙasa, yana ba mu umarni. Da ƙyar muka kai gaɓa, buhunan ƙasa sun jiƙe sharkaf. Da ya miƙe, wandonsa na ɗigar ruwa, masuntan da ke gaɓa suka yi ta dariya har da faɗuwa.

Darasin da na ɗauka shi ne, kafin ka sayi kayan aiki, ka fara duban hannun da zai riƙe shi. In na kawunka ne, ka koyi iyo.