Na Fi Ƙarfin Turi

Abu biyu Arzika ya gada wurin ubansa, marigayi Uthman direba: mota da dogon wuya. Hankali da iya zama da mutane kuwa, da su anka binne tsohon. Ni Ɗangiwa na san su duka, uba da ɗa, don ƙauyenmu yana bakin hanyar da ta tashi daga Kebbe ta nufi Fakku, kuma tun ina saurayi babu daminar da ban sa kafaɗata bayan motar gidansu ba.

A-kori-kura ce, tsohuwa tukuf. Launinta na asali sai dai a tambayi waɗanda sunka ga amarcinta. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, in kuma ta tashi da safe sai ta yi tari ta yi kaki, kaji su watse. Amma tana tafiya. Tana kai dawa da albasa kasuwar Tambuwal, ta dawo da gishiri da manja da fasinja, kuma da ita gidan Arzika ke ci. Ba shi da gona, ya bar ma ƙannensa tun da daɗewa yana cewa shi ya fi ƙarfin duƙe. Ba shi da wata sana'a. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa.

Ƙasan garinmu akwai wani kwari da hanya ta ratsa. Da rani yashi ne, jaki ma da gudu yake wuce shi. Da damina kuwa laka ce baƙa wulik, mai riƙo, shi ya sa muke ce da wurin Makwanta, don nan motoci ke kwana. Kuma muna da doka a kansa. Wani baƙo ne ya taɓa kafewa tun zamanin iyayenmu, sunka tura shi ba tare da ya roƙa ba, fitilarsa ta fashe, ya kwashe su sai gaban alƙali. Tun ranar dattawa sunka ce ba a taɓa motar mutum sai ya kira da bakinsa. Kalma ɗaya ce, direba ya ɗaga murya ya ce, "Ɗauki!" Da ya faɗa, ko mai cin tuwo zai tsame hannu ya taho. Ba a biyan kowa. Sai dai in kana direba, ka ga mutumin garin bakin hanya da buhunsa ko da mara lafiyarsa, ka tsaya. Baba Uthman ya yi zamaninsa da wannan doka lafiya lau, har ya sa anka rubuta "Jama'a Rahama" a goshin motar.

Arzika kam kiran ɗaukin nan ƙaya ce a maƙogwaronsa. Yakan faɗe shi ciki-ciki, fuska a murtuke, sai ka ce mu munka kwaɓa lakar don shi. Mu kuma da munka gane inda yake masa ciwo, sai munka laƙaba ma motar suna, Sai An Tura. In munka fitar da shi nakan leƙa taga in ce, "Abokina, ka gai da Tambuwal, sai ka dawo mu sake." Wasa ne na tsara da tsara, wanda kowa ke yi kowa ke sha. Shi sai ya haɗiye shi ya ajiye.

Ina Tambuwal ranar da abin ya faro. Na kai bakin garmata wurin Mannir mai walda, sai ga Arzika tafe gaban amalanke yana ta wani ɗaga kai. A cikinta wani shirgegen ƙarfe ne da ya sawo wurin 'yan gwangwan: bambar mota, mai kauri, da wani inji a tsakiyarta naɗe da igiyar ƙarfe mai ƙugiya a baki. Ya ce sunansa winci. In mota ta kafe, sai ka ja igiyar ka maƙala ga icce, ka danna, mota ta jawo kanta da kanta.

Nan fa mutane sunka taru, ana gardamar daga wace mota ta fito. Wanda ya sayar ma bai sani ba, cikin tarkace ya same ta. Wani ya ce ta masu haƙar rijiyar burtsatse ce. Wani ya ce ya taɓa ganin irinta gaban motar masu rigakafi. An samu wani rubutu a gefe da tsatsa ta cinye, anka goge da yashi da baƙin mai, kowa ya karanta abin da ransa ke so. Arzika ya ce ta motar soja ce, kuma duk wanda ya ce ba ita ba hassada ce.

Ko ta wace ce, ba ta Sai An Tura ba ce, wannan ko makaho ya shafa ya sani. Sunka ɗaga ta sunka kara, ta fi motar faɗi ta kowane gefe. Hujin da ake sa noti bai dace da na shasi ba, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar. Sunka kife ta, bai dace ba. Sunka mayar, nan ma haka. Mannir ya ƙwanƙwasa bakin shasin da guduma, tsatsa ta zubo kamar dussa.

"Maigida," in ji shi, "ƙarhen ga ya ci. Sai an samo wani mai kauri an goya mai, a huda, a ɗaure da noti. Aikin ba na yau ba na."

"Kai dai kana son jan rai," in ji Arzika. "Yanke kunnuwan bambar ka ɗana walda. Gobe nika son shiga Kebbe da ita."

Mannir kuwa gado da ƙyaure yake haɗawa, kuma bai taɓa musu da mai biya ba. Ya yanke, ya liƙa, ya shafe da baƙin fenti, fenti ya rufe asiri. Da anka cire jak, gaban motar ya duƙa don nauyi, kamar tsohuwa mai neman allura. Na ce, "Arzika, hancinta fa ya yi ƙasa." Ya ce haka na soja suke. Bai bar wurin ba sai da ya kira mai rubutu ya shafe "Jama'a Rahama", ya ɗora nasa da jan fenti: "Na Fi Ƙarfin Turi". Rubutun ubansa fa! Wallahi ranar na ji kunya a madadinsa.

Washegari ya tsaya gindin kanyar da ke bakin Makwanta, inda muke zaman hantsi, ya warware igiya ya nuna muna yadda take naɗe kanta tana ƙara. Munka ce ma sha Allahu. Da ya tsaya nan da ba komi. Sai ya dubi limaminmu, Malam Abdulganiyyu, dattijon da ya sha tura ubansa, ya ce:

"Malam, ka zam shaida. Wallahi, tallahi, bakina ya bar kiran ɗauki wurin ga har abada. Kowa shi riƙe kafaɗatai."

Malam ya ce, "Subhanallahi. Ɗana, ba a rantsuwa kan gobe."

Ina! Ya riga ya ja ƙofa ya ɗaure.

Daga nan ya daina tsayawa. Tsoho da buhu, mace da goyo, sai ya danna oda ya watsa musu ruwan laka ya wuce. Gaisuwa ta koma ɗaga yatsa ɗaya daga sitiyari. Farkon damina laka ba ta nuna ba, yana tsallakewa da gudu, kuma duk tsallakewa wuyan nan ƙara tsawo yake. Mu dai munka zuba ido, mun san Makwanta ba ta gaggawa.

Ta kama shi cikin watan Agusta, wata la'asar, yana dawowa daga Fakku. Mu ba a yi muna ruwa ba ranar, amma gabas ta yi baƙi tun azahar, kuma kowa ya san in an yi ruwa can, kwarinmu yake biyowa. Ya shigo da gudu yadda ya saba, hancin nan mai nauyi ya caki laka ya nutse har fitila. Fasinja sunka sauka sunka ɗauki kayansu a ka sunka fito. Mu kuma munka gangaro, munka naɗe wando, munka jeru a gaɓa muna jira. Mun ji haushinsa, ba ƙarya, amma babu wanda ya zo don kallo. Kowa da kafaɗarsa ya zo.

Ko kallonmu bai yi ba. Ya ja igiya ya lallaɓo cikin laka har gindin kanya, ya zagaya ya maƙala ƙugiya, ya koma ya danna. Inji ya ɗauki kuka. Igiya ta miƙe ta yi tsam. Kanya ta ce ba inda za ni, laka ta ce ni ma ban saki ba. To wa ya rage? Sai ji munka yi ƙarau! Bamba ta ɓalle da guntun shasi da fitila ɗaya, ta tsaga lagireto, tankin ruwan inji, ta yi tsalle ta faɗi cikin laka, mota kuwa ko motsi. Aikin soja ke nan. Wani ya fashe da dariya, Malam ya harare shi, ya haɗiye dariyar.

Har lokacin ba a yi hasara ba. Lagireto ana gyarawa, shasi ana goyawa. Mu da ke tsaye mun isa mu ɗaga ta, mun ɗaga waɗanda sunka fi ta. Amma sai ga kumfa da karan dawa da kashin shanu sun fara biyo kwari, kuma wannan shi ne sallamar ruwa.

Malam ya matsa har bakin laka. "Arzika, ruwa na tafe. Rantsuwa tana da kaffara, ka ciyar da miskinai goma ka huta, in ba hali ka yi azumi. Mota ba ta da kaffara. Faɗi kalmar ga, ɗana."

"Allah shi gafarta Malam, ban kai nan ba tukuna."

Ya duƙa yana kwasar laka da hannu daga gindin taya. Mutum ɗaya, da hannu, a Makwanta! Ruwa ya kai masa idon sawu, ya kai ƙwauri. Na kasa haƙuri na daka masa tsawa, "Kai, wawan Allah! Abincin ɗiyanka na cikin ruwa! Buɗe baki!" Ya miƙe. Ya dubi motar, ya dube mu. Na rantse na ga kalmar a bakinsa. Har wasu sun sa ƙafa cikin ruwa. Sai ya ce:

"Mi kuka kallo?"

Girman kai rawanin tsiya. Ban taɓa ganin wanda ya naɗa shi ya zauna masa daram kamar Arzika ba.

Ruwan ya iso gaba ɗaya, ja, yana ruri. Kafin ka ce kwabo ya shiga taga. Arzika ya haye kan rufi ya tsuguna. Malam ya juyo ya ce, "Dokar ta mota ta, ba ta mutum ba. Ku ɗauko shi." Igiyar wincin nan da ke ɗaure ga kanya ita munka riƙa, hannu bayan hannu, har munka kai kusa munka fizgo shi. Ranar kaɗai ta yi amfani, shi ma sai da mutane sunka kama. Muna fitowa motar ta kishingiɗa, ruwa ya mirgina ta, muna kallo jan rubutun ya nutse.

Da ruwa ya janye an same ta can ƙasa, inji cike da yashi, shasi a karye. 'Yan gwangwan ɗin da sunka sayar masa da bamba su sunka zo da wuta sunka yanka ta gunduwa-gunduwa. Bambar kuwa sun ce ba su so, tana nan gindin kanya, jakai muke ɗaurewa.

Arzika ya kwashe iyalinsa ya koma Tambuwal. Babu mai ba shi mota, labari ya riga shi zuwa. Yanzu baro yake turawa cikin kasuwa, daga rumfa zuwa tasha. Wanda ya fi ƙarfin turi, da turi yake ci.

Bana da damina na gan shi. Ya ɗauko buhu, tayar baron ta faɗa cikin taɓon bakin kwata, yana ta kokawa da ita. Ya rame, wuyan ya ƙara fitowa amma ya daina miƙewa. Na tsaya gabansa na harɗe hannu, don doka doka ce. Ya ɗago ya gan ni. Ya dubi ƙasa, sannan ya ce, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji:

"Ɗangiwa, ɗauki."

Takaici ya kama ni. Ashe bakin yana iya faɗa! Kalmar da za ta tsamo motar ubansa, ga ta ya kashe ta kan baro. Na sa hannu ɗaya na ɗaga, ko nishi ban yi ba, taya ta fito.