Kwanon Baba Idi Bai Koma Ba

SANARWA DAGA OFISHIN MAI GIRMA JAKADA

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Labari ya iso mana da safen nan. Muna zaune a kujerarmu mai juyawa, sakatare ya faɗo ko ƙwanƙwasawa bai yi ba, ya ce, "Eksalans, Baba Idi Kuku na Zongo ya rasu."

Mun ba da umarni a sassauto da tuta. Mun soke duk wata ganawa ta yau. A matsayinmu na mai riƙe da zumuncin Japan da Amurka a nan Kwatano, muna shaida wa duniya cewa mun yi rashin babban ma'aikaci.

To.

Na san wasunku sun fara dariya, kuna cewa wane jakada ne yake rubuta Hausar kasuwa da yatsa ɗaya. Gaskiyarku. Amma ku bar ni da rigar nan tukuna. In na tuɓe ta tun yanzu, abin da zan faɗa ba zan iya kai shi ƙarshe ba.

Waɗanda ba 'yan Zongo ba, ku saurara in gaya muku ko wane ne Baba Idi.

Mutumin Dogon Dutsi ne. Ya sauko Kwatano yana saurayi, ya shiga aikin kuku a manyan gidajen Kajehun, can wajen filin jirgi. Gidan da ya fi daɗewa a ciki na wani ɗan Japan ne, ma'aikacin ofishin ƙasarsu. Bayan katanga kuma wani Ba'amurke ne, shi ma aikin ƙasarsu ya kawo shi. Baba bai taɓa wahalar da mu da sunayensu ba. Yana ce wa maigidansa Gabas, maƙwabcin kuma Yamma.

In an haɗu a taron gwamnati, inji Baba, sukan yi musabiha a ɗauke su hoto. In an dawo gida, ko ɗaga hannu babu. Uwar Gabas tana ƙaramar yarinya aka jefa wa garinsu bam ɗin nan da kowa ya sani, ta rayu da tabon ƙuna har tsufanta. Uban Yamma soja ne a wannan yaƙin, ya shiga teku bai dawo ba. Ba wanda ya yi wa wani komai, amma kowa yana kallon katangar yana tuna nasa.

Sai wata Babbar Sallah. Baba ya soya naman layyarsa, ya ɗauko kwanon maigida, wani kwanon katako baƙi mai sheƙi, cikinsa ja, da murfinsa. Ya cika shi, ya zagaya ta ƙofar Yamma, ya rusuna irin na mutanen Japan, ya ce, "Maigidana ya ce a kawo."

Ƙarya ce. Gabas yana ofis, bai san ana yi ba.

Matar Yamma ta rasa yadda za ta yi, ta tambaye shi me ya kamata. Ya ce mata, "Madam, a wurinsu kamar a wurinmu ne. In an aiko miki da abinci, ba kya mayar da kwanon haka nan." Washegari kwano ya dawo da wainar turawa mai tuffa a ciki. Gabas ya tsaya yana kallonta ya fi minti goma, don a al'adarsu kyauta ba ta kwana ba amsa. Ya ce, "Idi, me za mu aika musu?"

Baba yakan tsaya a nan ya kurɓi shayinsa, ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Daga ranar na zama ma'aikacin ƙasa biyu, albashin ƙasa ɗaya."

Shekara biyu kwanon nan yana zirga-zirga. Aka fasa ƙaramar ƙofa a katangar. 'Ya'yan Gabas suka koya wa 'ya'yan Yamma naɗe takarda ta zama tsuntsu. Aka kuma gano ashe ƙwallon sanda iri ɗaya ƙasashen biyu suke bugawa. Daga baya har taro suka riƙa yi a tsakar gida, mutanen nan da mutanen can, kowa ya zo da waƙarsa da abincinsa, Baba yana kan tukunya.

Ranar da wa'adinsu ya ƙare ne suka zauna suna tuna baya, kowa yana gode wa ɗan'uwansa da ya fara aikowa. Nan suka gane ba wanda ya fara a cikinsu, suka juyo suka kalli Baba. Gabas ya tashi ya rusuna masa har goshinsa ya kusa taɓa gwiwa, ya miƙa masa kwanon da hannu biyu. Yamma ya ce, "Idi, duk ranar da aka sake irin wannan taro, za mu aiko a ɗauke ka."

Ya jira wannan aiken fiye da shekara ashirin. Lambar wayarsa bai taɓa yarda an canja masa ba.

A Zongo ma aikin nan ya ci gaba da yi. Lokacin da 'yan albasan Nijar da na Sakkwato suka daina gaisawa saboda wurin sauke kaya, ba limami ne ya shirya su ba, dambun Baba ne. Shekarar da ruwa ya ci unguwar Laji, shi ya ɗora tukunya a bakin titi kwana huɗu, ƙafarsa a kumbure.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta.

Akwai wani saurayi a unguwar nan, mai sayar da caja da gidan waya a bakin kasuwa. Bai wuce makarantar allo ba, kuma can ɗin ma tsokana ta fi karatu yawa. Yana iya kwaikwayon muryar kowa: ladan, ɗan sanda, matar da ke tallan koko. Tun yana ƙarami, in malam ya ɗaga bulala, Baba ne yake leƙowa ya ce, "Malam, a bar min shi yau, ni zan hukunta shi." Hukuncin kuma shi ne ya zaunar da shi ya koya masa naɗe tsuntsun takarda. Faransancin manyan gidaje ma, yadda ake amsa waya da yadda ake sanar da baƙo, a bakin Baba ya ɗauka.

Wata bakwai da suka wuce, suna zaune da abokansa babu ciniki, wani ya ce, "Kai da kake cika baki, in ka isa ka sa Baba Idi ya sa babbar riga ranar Talata."

Saurayin ya ari wayar wani, ya toshe hanci, ya kira.

"Alo? Muna magana da Malam Idi, tsohon kuku? Daga biron Son Eksalans ne, ofishin mai girma jakada. Mutanen Japan da na Amurka za su yi taron zumunci a tsohon gidan, kuma sun ce ba za a fara ba sai da kai. Talata, ƙarfe goma."

Saurayin yana jin numfashin Baba a wayar. Can tsohon ya ce, da wata murya da bai taɓa jin sa da ita ba, "Ashe ba su manta ba."

A nan ya kamata ya kashe wasan. Bai kashe ba. Abokai suna birgima a ƙasa.

Ranar Talata Baba ya fito da farar babbar rigar da ya ajiye tun aikin hajjin ƙaninsa. Matarsa, Inna Hajo, ta tashi tun asuba ta yi dambu da zogale ta cika kwanon nan. Ya bi layi yana sallama da mutane, mai shayi yana ce masa, "Baba, a gaishe da Amurka!" Ya hau zem, acaɓan Kwatano, kwano a kan cinya.

Gidan kuwa tuni wani kamfani ya kama shi haya, ƙaramar ƙofar ma an toshe ta da bulo. Maigadin, wani bawan Allah ɗan Tawa, ya ce masa babu wani taro. Baba ya ce wataƙila ba a sanar da shi ba ne, zai jira. Maigadin ya ba shi benci. Ruwa ya sauko, ruwan Kwatano da kuka sani. Baba ya cusa kwanon cikin rigarsa ya rungume, ya zauna har aka kira la'asar.

Saurayin da abokansa kuma suna tsallaken titi a ƙarƙashin rumfa, suna ɗaukar bidiyo.

Kun gan shi. Kar wanda ya ce bai gani ba. Ya zaga wayoyin Zongo kafin Baba ya iso gida, har unguwar Zogbo an tura shi. Daga ranar yara suka sa masa Ambasada, suna bin sa suna rusunawa.

Bai zagi kowa ba. Bai tambayi wa ya yi ba. Labarin kawai ya daina bayarwa. In an ce, "Baba, ba mu na Gabas da Yamma," sai ya ce, "Wannan ya tsufa." Daga baya ya daina zuwa wurin mai shayi. Tari ya kama shi tun ruwan nan, yana sauƙi yana dawowa. Ban ce shi ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma ban isa in ce ba shi ba ne.

Kwana uku bayan Kajehun, saurayin yana rumfarsa sai ga Baba a tsaye a kansa. Ya ajiye baƙin kwanon a kan tebur, tsakanin cajoji. Kwanon da ko Inna Hajo ba ta wanke shi sai yana kallo. Dambu ne a ciki, da zafinsa.

Ya ce, "Ɗan Malam, ci. In ka gama, ka san yadda ake yi."

Ya juya ya tafi.

Saurayin ya gane. Wanda ya koya maka magana ba zai kasa gane ta a waya ba, ko da ka toshe hanci. Wataƙila bai gane a ranar ba don yana so ta zama gaskiya, amma a kan bencin nan ya sami lokacin tunani. Bai kai ƙara wurin uban yaron ba, bai tona shi a masallaci ba. Ya yi masa abin da ya yi wa ƙasashe biyu: ya fara aikowa, ya koma yana jira.

Saurayin ya ci dambun, ya wanke kwanon, ya tura shi ƙarƙashin gado. Kullum sai ya ce gobe. In ya hango Baba a layi, sai ya sake hanya.

Juma'a uku da suka wuce suka yi kiciɓis a ƙofar masallaci, babu wurin gudu. Baba ya rame, yana dogara sanda. Ya kama hannunsa ya ce, "Ɗan Malam, kwanona bai gaji da baƙunta ba?"

Shi kuma, da yake bakinsa bai san komai ba sai wasa, ya ce, "Baba, ai abin da ya dace da shi nake nema. Na yi odarsa daga Japan, jirgi ne bai iso ba."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba a sayar da shi. A bakinka yake. Ni na iya jira, kai shaida ne. Amma yanzu na gaji."

Ya ce, "Gobe, Baba. Wallahi gobe."

Ganinsu na ƙarshe ke nan.

Babu sakatare, babu kujera mai juyawa. Mai koko ce ta faɗa min da safen nan, tana zuba min a kofi, ta ce, "Ka ji Ambasada ya tafi?" Da wannan sunan ta kira shi. Sunan da na jawo masa.

Kwanon yana gabana yanzu. Ban iya girki ba. Na yagi takarda na rubuta da ajami, don shi ne rubutun da Baba yake karantawa: Baba, ni ne, ka yafe min. Na naɗe ta tsuntsu yadda ya koya min, fiffike ɗaya ya karkace, na sa a ciki na rufe. Bayan jana'iza zan kai wa Inna Hajo a gaban mutane, in faɗa da bakina. In ta tofa min yawu, na cancanta. Wanda ya kamata ya buɗe murfin dai ba ya nan.

Duk mai bidiyon nan a wayarsa, don girman Allah ya goge shi yau. In kuna son tura wani abu, ku tura labarin Gabas da Yamma, ku faɗa wa 'ya'yanku wanda ya fara ɗaukar kwano.

Ya Allah, bawanka Idi ya zo maka. Ya shirya mutanen da ba su san sunanka ba, ya rufa asirin wanda ya tona nasa. Ka rufa masa, ka yalwata kabarinsa, kar ka bar shi yana jira a ƙofa. Ka ba Inna Hajo haƙuri.

Wanda ya karanta, ya tsaya ya yi masa Fatiha kafin ya wuce. In addu'ar ta yi saura, ku sa da ni, don wanda zai yafe min an tafi wanke shi.

Ba jakada ba ne ya rubuta wannan. Sa'idu ne, ɗan Malam Garba, mai caja na bakin kasuwa.

Ni ne na kira wayar.