Zakaran Baffa a Otal ɗin Bompai

Shekara bakwai na yi ina aiki a kamfanin jima a Challawa, kuma abin da aikin ya fara ci a jikina shi ne hanci. Watan farko kullum sai na yi amai saboda warin ɗanyar fata da ruwan maganin da ake jiƙa ta. Kafin shekara ta zagayo na daina jin komai. Yau ko mushen jaki aka ajiye a gabana, sai dai in gan shi da ido. Shi ya sa ranar da na tashi neman otal ɗin da zan sauki Baffana, dole na tafi da matata, don ita ce mai hanci a gidanmu.

Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida, bayan rasuwar mahaifin nawa. A ƙauyenmu can cikin Jigawa, babu majalisar da bai sanar wa cewa ɗansa yana aikin kamfani a Kano ba. Yadda yake cika baki da kalmar kamfanin nan, sai ka ɗauka ofis gare ni da kujera mai juyawa. Ni kuma ban taɓa gyara masa ba. In zan je gida da salla, sai na kai kayana wanki da guga, na yi musu ɓarin turare, in sauka a mota ina taku ɗai-ɗai. Alhali takalmin roba nake sawa har gwiwa, ina jan fata daga wannan rami zuwa wancan. Ɗaki ɗaya da 'yar rumfa nake haya a Sharada, a gidan da mu tara muke bin layin banɗaki guda. A ƙofar gidan kuma akwai kwatar da ke ɗauko ruwan kamfanoni, yau shuɗi, gobe ja.

Ana nan sai Baffa ya bugo waya, ya ce zai shigo Kano ganin likitan ido, kwana biyu zai yi. Bai taɓa zuwa inda nake ba, don bikinmu ma a ƙauye aka yi shi. Na ce Allah ya kawo su lafiya, na kashe waya. Tsoro nake kada ya ga ɗakin nan da kwatar nan, ya shaƙi abin da ni na daina shaƙa, ya koma gida ya rasa bakin magana a majalisa.

Matata ba ta ga abin tashin hankali ba. Ta ce ita za ta kwana ɗakin maƙwabciyarmu, ni in shimfiɗa tabarma a rumfa, Baffa ya hau gado, kamar yadda kowa a gidan yake yi in ya yi baƙo. Na ce sam, otal zan kai shi, kuma ba kowane otal ba. Ta dube ni ta ce a ina na taɓa jin an kai uba otal. Na ce zamani ya canja. Ina da taurin kai, kuma na lura ya fi tsanani a ranar da ba ni da gaskiya.

Ranar Asabar da ba ni da aiki muka hau adaidaita. Mun fara da wani otal a Na'ibawa da abokin aikina ya yaba mini. Ni dai da na shiga ɗakin na ga fenti sabo, fanka tana juyawa, na ce ai shi ke nan. Matata ko ciki ba ta shiga ba. Daga bakin ƙofa ta ɗaga hanci sau biyu, ta ce taba sigari, da jiƙaƙƙen kafet, da wani abu na uku da ba za ta faɗa a gaban mutane ba. Na buɗe taga don in kare ɗakin, sai ga tasha a ƙasa, 'yan kamasho suna ta kiran Zariya da Kaduna kamar a cikin kunnena. Muka fito.

Daga nan muka nufi Bompai, don ta wajen nan motocin garinmu suke sauke fasinja. Na farko da muka gani yana tsakanin manyan ɗakunan ajiyar kaya. Ɗakin ba laifi, matata ma ta ce sabulu kawai take ji. Na zauna a bakin gado ina gwada katifa, sai wata tirela ta wuce, gadon ya yi rawa, kofin da ke kan tebur ya matsa da kansa. Ga shi kuma daga ƙofar ana hango hedikwatar 'yan sanda. Baffa mutum ne da bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, amma in ya hango kaki sai ya sauka daga hanya ya bi ta gona. Na ce ba zan kawo shi inda zai kwana yana tunanin laifin da bai yi ba.

Na biyun ya fi kowanne kyau, har da madubi mai tsawon mutum. Muna fitowa ta baya sai muka ga kujerun roba an jera a fili, ga manyan lasifika, ga akwatunan korayen kwalabe an tara a lungu. Mai nuna mana ɗakin ya ce da yamma wurin yakan yi armashi sosai. Matata ta gyara hijabinta ta yi gaba, ko sallama ba ta yi masa ba.

Zuwa azahar na zama gwani. Ina shiga sai in tambayi alƙibla, in leƙa banɗaki in tabbatar bai fuskance ta ba. In tambaya ko akwai buta, ko akwai ɗaki a ƙasa saboda gwiwar tsoho, ko ana jin kiran salla daga nan, ko janaretonsu a bayan taga yake. Wata mai karɓar baƙi ta tambaye ni ko daga hukuma aka turo ni bincike. Na ji daɗin tambayar fiye da yadda ya kamata.

Wanda muka tsaya a kansa yana ƙarshen Bompai ta wajen Nasarawa, a wani layi shiru mai itatuwan darbejiya, da ɗan masallaci a kan kwana. Ɗaki a ƙasa, zanin gado fari tas, labule mai kauri. Matata ta zagaye shi, ta sunsuna filo, ta sunsuna labule, ta buɗe kabad ta sa kai.

Ta ce, "Wannan ba ya warin komai. Ko warin mutane ba ya yi."

Na ɗauka yabo ne. Na kama ɗakin, na sayo sabuwar buta da sabuwar darduma na ajiye, na dawo gida ina jin kaina.

Ranar Litinin da la'asar na tarbi Baffa a tasha. Ya sauko da rabin buhun gero, da ƙullin kuka da daddawa, da wani jan zakara ƙato an ɗaure masa ƙafa. Ya ce tsarabar 'yar nan ce, wato matata. Muka loda a adaidaita, zakara a cinyarsa. Da muka tsaya a ƙofar otal, maigadi ya buɗe mana, Baffa ya ɗaga kai ya dubi ginin da idonsa mai lafiya, ya yi ta masha Allah. Ya tambaye ni ko duk ni kaɗai ne a ciki. Wallahi Shaiɗan ya raya mini in bar shi a haka. Sai ga mai karɓar baƙi ta miƙo makulli mai lamba, ta kuma ce ba a shiga da kaza.

Baffa ya dubi makullin, ya dube ni. Na yi masa bayani cewa nan masaukin baƙi ne na musamman, manyan mutane ke sauka, na zaɓa masa ne don ya huta sosai kafin ganin likita. Maigadin, wani dattijo mutumin Nijar, ya karɓi zakaran ya ce zai ɗaure shi a bayan ɗakinsa.

A ciki na shiga nuna masa kaya kamar dillali. Ga na'urar sanyaya ɗaki, ga talabijin, ga famfon ruwan zafi, ga alƙibla na tabbatar da ita da kaina. Kowanne na nuna sai ya ce madalla. Na san madallar nan. Ita yake yi a kasuwa in an taya ragonsa tayin wulaƙanci. Ya tambaya ina 'yar nan da za ta ba shi ruwa. Na buɗe firji na ɗauko na roba mai sanyi na miƙa masa. Ya riƙe shi a hannu har muka gama gaisawa bai buɗe ba. Ya tambaya ko lafiyarta ƙalau, ko mun yi faɗa ne. Na ce lafiya lau, gobe in mun dawo daga asibiti zan kawo ta ta gaishe su. Na ajiye masa kular tuwon da ta ba ni, muka yi magariba a masallacin kan kwana, na yi masa sai da safe. Ina tafe ina gaya wa kaina gajiyar mota ce ta sa shi shiru.

Washegari da sassafe na dawo don mu wuce asibiti. Na ƙwanƙwasa, shiru. Ƙofar a buɗe take. Gado yana nan yadda aka gyara shi, ko alamar zama babu. An kashe na'urar sanyi, an naɗe darduma an ajiye a kan kujera, robar ruwan tana kan tebur ba a buɗe ba. Babu Baffa, babu buhun gero. Na fito a guje wajen maigadi, na tarar babu zakara ma.

Maigadin yana shan shayinsa, bai ko tashi ba. Ya ce tsohon a bencinsa ya yi hira jiya, sun yi zancen damina da farashin awaki, kuma da aka idar da asuba ya roƙe shi ya danna masa lambar surukarsa a waya. Ita ta yi wa mai adaidaita kwatance. Sannan ya ajiye kofin, ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, "Malam, ya yi mini wata tambaya na rasa amsa. Ya ce a Kano wane laifi uba yake yi wa ɗansa a kawo shi nan?"

Wayata ta yi ƙara a aljihu, matata ce. Ta ce in dawo gida, baƙona ya iso.

Tun daga Bompai har Sharada ina shirya jawabi, ina rushewa. Da na tsallaka kwatar ƙofar gida, ranar ruwanta kore ne ma, sai na jiyo dariyar Baffa. Yana zaune a kan tabarma a rumfata, ya miƙe ƙafa, ga kwanon sha a gabansa ya sha rabi, ga koko da ƙosai. Takalman robana na aiki suna jingine a gefensa. Maƙwabta kuwa sun yi layi kamar na banɗaki, kowa yana durƙusawa yana gaishe shi, shi kuma yana tambayar kowa garinsu. Har ya gano cewa mai ɗakin ƙarshe jikan wani abokin cinikinsa ne. Zakara yana ɗaure a turken rumfa yana ta cara, duk da rana ta fito.

Na durƙusa na gaishe shi. Da mutane suka ragu, na fara in-ina. Na ce ba don komai na kai su can ba sai don wurin nan ƙunci gare shi, ga hayaniya, ga kuma wari.

Ya ce, "Wane warin? Wanda kake kawo mana duk salla a ƙarƙashin turare? Ai innarka tun kafin ka yi sallama take cewa ɗanmu ya iso."

Matata tana bakin murhu, na ga kafaɗarta tana rawa don dariya. Kunya ta rufe ni. Na ce ashe sun sani. Ya ce tun shekarar farko, ai akwai 'yan garinmu a Challawa, kuma suna da baki. Ya ɗauki takalmin roban guda ɗaya, ya juya shi, ya duba inda na liƙe da faci, ya mayar a hankali. Ya ce shi bai taɓa gaya wa kowa ina da kujera ba, cewa yake ɗansa yana aiki, kuma bai ga ƙarya a ciki ba.

Sannan ya ce, "Ranar da aka kawo ka wurina, ɗaki ɗaya gare ni, kuma yana yoyo. Ban kai ka gidan kowa ba."

Na sunkuyar da kai. Makullin otal mai lamba da na tsinta a ɗakin yana aljihuna yana tokare mini cinya, idona ya cika, na kasa ɗagowa. Baffa ya ja kwanon koko ya ci gaba da sha, ya ce in tashi in shirya kada likita ya gaji da jiranmu. Matata ta zo ta ajiye wuƙa a gabana, ta ce kafin mu fita in yanka zakaran, tunda dai ya iso gidan da aka aiko shi.